Maganar Baba da Na Yanke a Siton Gyaɗa

Akwai wani gini a tsakiyar Gusau, kusa da tsohon layin dogo, wanda babu ɗayanku da bai taɓa shiga ba. A nan kuke kai wayoyinku gyara, a nan ake sayo atamfa da turare idan biki ya taso. Wasu suna ce masa shagunan Alhaji, wasu kuma Sito, ba tare da sun taɓa tambayar dalilin sunan ba. Ni na yi shekara ashirin da wani abu ina kauce masa. Idan hanya ta biyo da ni ta wajen, sai in ce wa mai babur ya zagaya ta baya, wai cunkoso nake gudu. Ba cunkoso ba ne. Ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Sani kun taso kuna jin labarin ginin nan a karkace, kuma ni na karkata shi da hannuna, da reza. Shi zan miƙar a wannan babi.

Asalinsa siton gyaɗa ne da auduga. Wani kamfanin Turawa ya gina shi a zamanin da jirgin ƙasa yake kwasar amfanin gona daga Gusau zuwa kudu. Tsawonsa taki saba'in ne nawa, na auna. Tushensa dutse, bangonsa gasasshen jan bulo, kaurinsa kamu guda har da ɗori. An ɗaga daɓensa daga ƙasa, aka yi masa dakali a gaba daidai tsayin bayan akori-kura, don 'yan dako su sauke buhu ba hawa ba sauka. Ƙofofinsa biyu, ɗaya a kowane kai, na ƙarfe masu tafiya a kan dogo, kowace sai ƙarti biyu sun tura. Ba shi da tagar da mutum zai leƙa. Sai ƙananan kafofi a gindin bango da aka rufe da ragar ƙarfe saboda ɓera, sannan can ƙololuwa aka ɗora ƙaramin rufi a kan babban, aka bar rata a tsakaninsu. Iska mai sanyi ta shigo ta ƙasa, mai zafi ta fice ta sama, shi ya sa gyaɗa take watanni a ciki ba ta yi fumfuna ba. Rufin kwano ne, amma abin kallo shi ne abin da yake ɗauke da kwanon: katakan maɗaci a jere, kowane an haɗa shi kusurwa uku daga bango zuwa bango, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyar ɗakin.

Mahaifinmu, Malam Mu'azu kafinta, ɗan Furfuri ne wanda ya kafa gida a Bungudu. Yana saurayi yana cikin waɗanda suka ɗora katakan nan. Al'adarsu ce kowane kafinta ya sassaƙa alamarsa a kan katakon da ya haɗa, don idan haɗin ya saki a san wanda za a kama. Alamar Baba zane uku ce da ɗigo a ƙarƙashi. Mun ji labarinta tun muna ƙanana, amma ba mu taɓa ganinta ba, domin lokacin da muka yi wayo an daina cinikin gyaɗa, an garƙame siton, jemagu sun gaje shi.

Ni ne ɗan fari. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba, kuna hawa cinyar iyayenku kuna ja musu gemu. A gidanmu Baba da Inna ba su taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma su mutanen da ne, sun riƙe ta da gaske. Ina yaro “kai” nake, da na sami aiki a gidan rediyo na zama “Mai Rediyo”. Ba a zama hira da ni, ba a tambayata abin da nake so, ba a yaba mini. Sani kuwa, wanda na ba shekara huɗu, a gefen Baba ya girma, yana miƙa masa ƙusa, yana shan ranƙwashi, yana cin ragowar furarsa. Ni aka kai makaranta, shi aka koya masa hannu, daga kafinta ya zarce gini. Duk wanda ya dube mu zai ce ni aka fifita. Na san ma'anar kunyar nan, na taɓa yin shiri guda a kanta, na yi wa masu sauraro bayani dalla-dalla cewa kawaici ne, ba ƙiyayya ba. Sanin bai hana ni komai ba. Shekara goma sha tara ina karanta labarai, Baba bai taɓa barin sauraro ba, kuma abin da ya taɓa cewa game da aikina guda ne, shi ma Inna ya faɗa wa ina jin su: wai Mai Rediyo ya koma Bakano, yana sauri kamar an biyo shi.

Bayan Gusau ta zama babban birnin jiha, kowa ya shiga neman shago, ƙasar tsakiyar gari ta yi daraja. Wani ɗan kasuwar hatsi daga Tsafe, Alhaji Ɗanjuma, ya sayi siton da niyyar rushe shi ya jera shagunan bulon siminti. Sani ya taɓa gina masa gida, don haka shi ya kira ya duba yadda za a sauke rufin ba a yi asarar kwano ba. Sani ya shiga, ya yini a ciki, ya fito ya ce wa Alhaji kada a taɓa. Sani yana da in'ina, magana tana yi masa wuya, don haka a kan dakalin ya zana abin da yake nufi da gawayi. Alhaji ya ce zai ba shi wata uku ya gwada a kai ɗaya na ginin, in bai yi ba a kawo masu rusau.

Abin da ya yi zan faɗa muku daidai, domin na san shi fiye da yadda nake so in sani. Ya buɗe ƙofofin ƙarfen nan biyu ya bar su a buɗe, ya mai da tsakiyar siton hanya daga kai zuwa kai. Ya jera shaguna dama da hagu, amma bangayen da suka raba su bai kai su rufi ba. Ya tsayar da su a tsayin da ɓarawo ba zai haura ba, ya rufe saman da ragar ƙarfe. Ya hana sa silin, ko da yake masu kama shago sun yi ta ƙorafi, domin silin zai toshe hanyar iskar da ginin yake numfashi da ita. A bangon da ke fuskantar titi ya fasa ƙofofi, amma kafin ya cire bulo ɗaya sai ya shigar da ƙarfe a sama ya tallafe nauyin, kuma jan bulon da ya ciro da shi ya gyara bakin ƙofofin. Dakalin 'yan dako ya zama baranda, ya yi masa matakala a wuri uku. Ya cire kwano ɗaya ɗaya a rufin ya sa mai haske, sai ga katakan maɗacin sun fito fili. Abin da ya fi jawo masa gardama shi ne haɗin sabon bango da tsoho. Ya ƙi sarƙa su. Ya bar rata kamar faɗin yatsa a tsakani, ya cike ta da kwalta, ya ƙi shafe ta da siminti. Dalilinsa, sabon gini sai ya zauna, tsoho kuwa ya gama zama. In aka ɗaure su, sabon zai ja tsohon ya tsage shi. Alhaji ya ce ratar muni ce, mutane za su ce aikin bai ƙare ba. Sani ya ce gara a ga haɗin da a ga tsaga.

Duk Juma'a nakan je Bungudu in gai da su Baba. A shekarar nan babu wata magana a gidan sai Sito. In na zauna a zaure, Baba zai amsa gaisuwata a taƙaice, ya juya ga Sani ya tambaye shi katako na bakwai, ko gara ta taɓa shi, ko ƙusoshin sun yi tsatsa. Su yi awa guda suna zane a ƙasa da tsinke. Ni ina gefe da manyan kaya, na zo da labarin abin da ya faru a fadar gwamnati wanda babu wanda ya sani tukuna, babu mai tambayata. Wata rana na ce, cikin raha, ai ƙarshenta dai ɗakin ajiyar gyaɗa ne aka yanyanka. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya ci gaba da zanensa. Da na koma Gusau na tsaya na shiga ginin ni kaɗai, da nufin in sami aibu. Rana tana tsaka, waje kamar tanda, ciki kuwa sanyi kamar gindin tsamiya. Na zagaya sau biyu ban sami abin kushewa ba, na fito raina ya fi ɓaci fiye da yadda na shiga.

A lokacin ina da shiri na mako-mako a kan tsofaffin sana'o'i da tarihin garuruwa. Inna ce ta kawo maganar. Ba ta dube ni ba, tana tankaɗe ta ce wa ƙanwarmu ta gaya wa Mai Rediyo, tunda yana sa maƙera da masaƙa na wasu gidaje, ko zai sa ƙanensa. Ta ce akwai sauran sito biyu a Gusau da masu su suke shawarar abin da za su yi da su, kuma Sani ba shi da takardar makaranta da zai nuna. In aka ji shi a rediyo, ta zame masa takarda. Na ce to. Da zuciya ɗaya na ce to, wannan ina so ku yarda da shi.

Ranar ɗaukar magana Sani ya ɗauko Baba daga Bungudu a motar haya. Rabon Baba da shiga ginin ya fi shekara arba'in. Na fara da Alhaji, wanda ya yi bayani mai tsawo a kan yadda Allah ya ba shi basirar barin ginin. Sannan Sani, wanda ya sha wuya da makirfo, yana tsayawa a tsakiyar kalma, yana nuna abu da hannu kamar masu sauraro suna gani. Baba bai kula mu ba. Yana tafe yana shafa bango, ya sa yatsa a ratar nan ta kwalta ya bi ta daga sama har ƙasa. Da ya kai ƙarƙashin katako na bakwai ya ɗaga kai, hasken rufin ya sauka daidai kan zane uku da ɗigo. Ashe tuni Sani ya goge wurin ya shafa masa mai, bai gaya wa kowa ba. Baba ya daɗe a tsaye. Daga nan ya ce wa Sani ya je tasha ya sayo masa goro, kuma ba na kowa ba, na wani tsoho da ke can ƙarshen rumfuna. Akwai mai goro a bakin ƙofar siton. Sani ya tafi.

Sai da ya ɓace Baba ya nuna na'urar da ke rataye a kafaɗata.

“Abin ga yana ɗauka?”

Na ce yana ɗauka.

Ya gyara tsayuwa, ya fuskanci makirfon, ba ni ba. Ya faɗi yadda suka jawo katakan da igiya, da yadda Bature yake tsaye da takarda yana nuna musu inda kowane zai zauna. Sannan ya ja numfashi, ya ce:

“Mu inda anka nuna muna nan munka ɗora. Shi wanga yaro babu wanda ya nuna mai. Da ni anka ba aikin ga, da na sa silin, da na ɗaure bangon, da na kashe ginin. Sani ya fi ni. A gaya ma mutane Sani ya fi ni.”

Ya sake jan numfashi, ya ce alhamdu lillahi gini ya tsaya, Allah ya sa masu shaguna su ci riba. Da Sani ya dawo da goro, Baba ya karɓa ya ce ya daɗe, kuma goron ma bushasshe ne.

Na fahimci abin da ya faru sarai. Uba irin Baba ba ya yabon ɗa a gabansa, ko da ba ɗan fari ba ne. Ya sami hanyar da zai faɗa ba tare da ya faɗa ba: ya ba akwatin rediyo, akwatin ya gaya wa Sani tare da sauran jama'a. Kuma hanyar nan ni ce.

A wancan zamani a kan zaren tef muke aiki. Kana sauraro, ka tsayar, ka juya faifan da hannu har ka sami daidai bakin kalma, ka sa alama da farin fensir, ka ɗora zaren a kan ƙarfen yanka, ka yanke da reza a karkace, ka haɗa bakin biyu da ɗan salatif. Abin da ka cire ba ka jefarwa nan take. Kana rataya shi a wuya, ko za ka sake bukatarsa kafin a gama. A gidan rediyonmu an san ni da wannan aiki. Ina iya cire tari daga tsakiyar jimla, mai maganar da kansa ba zai gane ba. Shirin minti talatin ne, abin da na ɗauko ya haura hamsin, don haka yanka dole ne. Wannan gaskiya ce, kuma da ita na yi shekaru ina rufe sauran. Na fara da Sani. Na cire in'inar, sai bayanin ya zama guntu-guntu, sai na ce wa kaina ba zai yi daɗin ji ba, rufin asirinsa ne a cire shi gaba ɗaya, in faɗi abin da ya yi da bakina. Da na zo rubuta abin da zan faɗa, na rubuta “maginanmu na gida”. Na bar Alhaji da basirarsa cif. Sannan na zo kan Baba.

Na saurari wurin sau shida. A na shida na lura ba maganar nake saurara ba, muryar nake saurara, wata murya mai laushi da ban taɓa jin ya yi amfani da ita a kaina ba. Na sa alama a bayan “nan munka ɗora”, na sa wata kafin “alhamdu lillahi”. Daƙiƙa goma sha huɗu. Na yanke, na haɗa, na saurara. Haɗin ya zauna kamar haka aka halicce shi: tsohon kafinta ya ɗora katako inda aka nuna masa, ya gode wa Allah gini ya tsaya. Sai da na je alwalar la'asar, na zo shafar kai, na ji zaren yana nan a wuyana. Kwandon shara yana bakin ƙofa. Ban jefa ba. Na naɗe shi a yatsa, na sa a ambulan, na sa a aljihu.

An sa shirin ranar Juma'a da yamma, ina Bungudu. Inna ta sa an share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi, an dama fura a babbar ƙwarya, an kira maƙwabta. Matar Sani, Hadiza, ta aika wa danginta a Tsafe da 'Yandoto su kunna rediyo. Aka ɗora akwatin a kan turmi. Na zauna ina jin muryata tana bayanin dutse da jan bulo da hanyar iska, tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya. Da muryar Baba ta fito mata suka yi guɗa ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana jira. Na ga lokacin da wurin ya zo, na ga lokacin da ya wuce. Bai ɗago ba. Da kiɗan rufewa ya tashi, Inna ta tambayi ƙanwarmu ko sai mako mai zuwa za a sa Sani. Sani ne ya amsa mata. Ya ce lokacin rediyo a ƙayyade yake, kuma shi ma ya san maganarsa ba ta rediyo ba ce, Yaya ya kyauta da ya rufa masa asiri. Hadiza ta tashi ta kwashe ludaya tun mutane ba su gama sha ba.

Da aka watse Baba ya ce in riƙe masa buta zuwa masallaci. Bai taɓa nemana in raka shi ko'ina ba. Muna tafe ta bayan gida, ta gefen gonar dawa, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

“Na yi numfashi tsakanin maganar ga da waccan. Ban ji shi ba.”

Na fara bayanin minti talatin. Ya ɗaga hannu.

“Haɗin ya yi kyau. Ni da na yi maganar, sai da na yi shakka ko na yi ta. Ka iya aikinka.”

Shekara goma sha tara ina jiran kalmomin nan uku. Na sha tsara yadda za su zo, da abin da zan ce. Suka zo a gefen gonar dawa, ina riƙe da buta, a kan aikin da na fi kowane jin kunyarsa. A ƙofar masallaci ya karɓi butar ya ce saƙo ya ba ni, kuma wanda aka ba saƙo yana ɗauke da shi har ranar da ya kai. Bai sake tayar da maganar ba. Bai kuma faɗa wa Sani da bakinsa ba. Ba zai iya ba, kuma ya san na san haka.

Na yi niyyar kai saƙon. Kowace Juma'a ina da niyya. Amma kai shi yana nufin in faɗi dalilin da bai isa ba tun farko, sannan in tsaya in kalli fuskar Sani lokacin da yake ji. Na biyun ya fi yi mini wuya. Baba ya rasu da damina ta biyu bayan haka. Sauran sito biyun aka ba wani ɗan kwangila mai takardu daga wani gari, ya rushe su, ya yi benaye masu gilashi waɗanda ba a zama cikinsu sai da janareta. Ba zan rantse cewa da an ji sunan Sani da an ba shi ba. Aikin labarai ya koya mini kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne, garin ya ɗauka basirar Alhaji ce da hannun wani tsohon kafinta, kuma a bakina suka ji. Sani ya jira shekara guda babu wanda ya neme shi, ya kwashe iyalinsa ya koma Tsafe. Can ya ƙare ƙarfinsa a kan katangu da ɗakunan haya. Zumuncinmu bai yanke ba. Shi ya yi wa 'yata ta fari walicci, ni na raɗa wa ɗansa suna. Hadiza ce kaɗai har yau take gaishe ni kamar baƙo.

Bara, bayan an yi girbi, Sani ya zo Gusau a duba masa ido, ya sauka a gidana. Da muka fito daga asibiti ya ce in kai shi Sito. Na ce mu biya gida tukuna in ɗauko wani abu. Ginin yana nan. An manna masa allunan talla har sun rufe rabin jan bulon, wani mai sayar da firiji ya sa silin a shagonsa, kuma shi kaɗai ne yake zufa a layin. Sani ya bi ratar kwaltar nan da yatsa kamar yadda Baba ya yi, ya ce ba ta motsa ba. Muka zauna a bakin dakali, na ba shi ambulan. Ya zaro zaren, ya tarar ya manne da juna, ya yi fari-fari. Babu sauran na'urar da za ta karanta shi a garin nan, na bincika. Na gaya masa abin da yake riƙe da shi, da ranar, da goron tasha, da rezar. Ban ambaci minti talatin ba. Sannan na karanta masa maganar da ka, da Hausar Baba, ba da ta rediyo ba, kuma ban yi sauri ba.

Ya daɗe yana kallon masu wucewa. Wata yarinya ta zo ta ce mu ɗan matsa za ta shiga da kaya, muka matsa.

“Ya... ya ce na fi shi?”

“Sau biyu.”

“Kara ya yi mini. Ɗaga kai ka ga katakon can.” Ya naɗe zaren a hankali yana mai da shi cikin ambulan. “Da ka faɗa mini a lokacin, Yaya, da ban bar garin nan ba. Ba don aiki ba. Na ɗauka shi ma ya ga abin bai kai a faɗa ba.”

Kuma tunda na yi alkawarin miƙe labarin nan, bari in faɗa muku cewa ko a wannan lokaci, ina kallon yadda fuskarsa ta saki, kishin nan na da ya motsa a ƙirjina. Ya tsufa kamar yadda na tsufa, amma yana nan.

Sani ya sa ambulan a aljihun gaba, ya dafe shi da hannu. Ya tambaye ni ranar da na raka Baba masallaci da buta, wadda ashe ya gani daga zaure, me ya ce mini. Na ce ya ce na iya aikina.

Ya juyo ya dube ni da idon nan nasa mai magani, ya girgiza kai.

“Ka gani ko? Kai a gabanka ya faɗa.”

Ya miƙo hannu in tashe shi, muka sauka ta matakalar tsakiya.